Sifirit ba ya lalata DNA: za mu iya riƙe ɗakin binciken laifuka a Zamfara kuwa?

Bazamfare_Lab:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Wani abu ke ci mini tuwo a ƙwarya tun satin da ya wuce, na ga gara in kawo shi nan a taya ni dubawa. Shekarata tara ina aikin lab a Gusau. An tura mu wani taron ƙara wa juna sani, sai mai koyarwar ta tambaye mu da me muke goge tebur idan mun tashi aiki. Kusan baki ɗaya muka ce da sifirit. Ta ce to ku sani, sifirit yana kashe ƙwayar cuta amma ba ya lalata DNA, wato sinadarin gado da ke cikin jini da yawu da sauran jikin mutum, wanda ake gane mai shi da shi. Za ka goge tebur ya yi ƙal, ƙwayar cutar ta mutu, amma DNA ɗin wanda aka auna jininsa jiya yana nan kwance. A aikin asibiti na yau da kullum wannan ba ya cika zama matsala. A ɗakin da ake binciken laifi kuwa, zai iya sa a kama wanda bai ji ba bai gani ba.

Dalilin da ya sa na kawo zancen: a wannan zauren mun sha kiran gwamnati ta gina mana ɗakin gwajin DNA saboda fyaɗe da kisan kai da gawarwakin da ake tsinta ba a san masu su ba. Ina cikin masu wannan kira. Amma yanzu jikina ya yi sanyi. Ina ganin idan ba a fara gyara tsarin shara da goge-goge ba, injin na miliyoyi zai zame mana abin ɗaure marasa laifi. Ko na yi tsauri da yawa?

Ɗan_Ƙaura:
Wa alaikumus salam. Malam ni abin da na sani gwajin DNA ba ya ƙarya. Turawa ma da shi suke yanke hukunci. Yaya tsumma zai rinjayi kwamfuta?

MalamaAliero:
@Ɗan_Ƙaura ƙanena, ka yi gaskiya ta wani ɓangaren. Injin ba ya ƙarya a kan abin da aka ba shi. Zai faɗa maka DNA ɗin wa ya gani a cikin kwalba. Abin da ba zai taɓa faɗa maka ba shi ne ta yaya DNA ɗin ya shiga kwalbar, kuma yaushe.

Bari in ɗan buɗe shi. Abin da ake samu a wurin laifi sau da yawa ɗan mitsitsi ne, gumin hannu a ƙotar wuƙa ko yawu a bakin kofi. Ƙwayar halittar jikin mutum guda ɗaya tana ɗauke da DNA da bai wuce kimanin pikogiram 6 ba, ma'aunin da ido ba zai taɓa gani ba. Don a iya karanta shi sai a sa shi a injin PCR, dabarar da Kary Mullis ya ƙirƙiro a 1983 har ta ba shi kyautar Nobel a 1993. Injin yana kwafar yankunan DNA ɗin, kowane zagaye yana ninka abin da ke ciki sau biyu, ana yin zagaye 28 zuwa 30. Ka ɗauki ɗaya ka riƙa ninkawa sau 30, za ka wuce biliyan ɗaya. To injin bai san wanne ne na mai laifi wanne ne na wanda ya yi atishawa a ɗakin ba. Duk abin da ya tarar zai ninka. Shi ya sa ko magana ba a yi a kan buɗaɗɗen samfuri ba tare da takunkumi ba, domin feshin yawun da ke fita lokacin magana ya isa.

Ɗan_Ƙaura:
Ikon Allah. Na gode Malama, ban taɓa kallonsa ta nan ba.

Bakabe_a_Jamus:
Salam daga nesa. Wannan zancen ya taɓo labarin da kusan kowa ya sani a ƙasar da nake zaune. Shekara da shekaru 'yan sandan Jamus suna farautar wata mata da ba wanda ya taɓa ganin fuskarta. An sami DNA ɗinta a wuraren laifi kusan 40, a Jamus da Ostiriya da Faransa. Akwai fasa gida, akwai satar mota, akwai kisan kai, har da kisan wata 'yar sanda a garin Heilbronn a 2007. Daga nan aka yi mata laƙabi da Fatalwar Heilbronn. An sa ladan Yuro 300,000 ga duk wanda ya taimaka aka kama ta.

A watan Maris na 2009 asiri ya tonu. Suna ƙoƙarin gane gawar wani namiji da ta ƙone, suka shafi takardar da ke ɗauke da zanen yatsunsa, sai ga DNA ɗin matar nan ya sake fitowa. Suka canza tsinken auduga suka sake, babu ita. Ashe matar ma'aikaciya ce a masana'antar da ke shirya tsinken audugar da 'yan sanda ke shafo samfuri da shi. Ba ta taɓa aikata komai ba. An kashe ƙwayoyin cutar da ke jikin audugar kamar yadda ake yi wa kayan asibiti, amma DNA ɗinta yana nan. Daidai abin da @Bazamfare_Lab ya faɗa. Bayan wannan abin ne aka fito da ƙa'idar ƙasa da ƙasa mai suna ISO 18385 a 2016, wadda ta shafi masu ƙera kayan ɗaukar samfurin binciken laifi.

Abin da ke taɓa ni a labarin shi ne iyalan waɗanda aka kashe. Duk shekarun da aka ɓata ana bin wadda ba ta da hannu, masu laifin na gaske suna yawonsu.

Inna_Mai_Tsintsiya:
Ku yi haƙuri in sa baki, ɗiyata ce ka rubuta mani abin da nike hwaɗi. Ni aikin shara da goge-goge nike yi a wani asibiti, shekara goma sha huɗu, rabinsu a ɓangaren lab. Wallahi tun da anka ɗauke ni babu wanda yat taɓa zaunar da ni yac ce ga dalilin da za ki goge nan da kaza, can da kaza. Bokiti guda anka ba ni da tsumma guda da sandar goge ƙasa guda. Da su nike shiga ɗakin ɗibar jini, da su nike shiga ɗakin injina. In Jik ya ƙare sai a ce in yi da omo kahin a sawo. Yanzu da ninka ji labarin matar can ta Jamus sai gabana yaf faɗi, don ita ma neman abincinta take. In an gina wanga ɗaki da kuke magana, irinmu za a ɗauka mu share shi. A koya muna, ba mu ƙi koyo ba.

Bazamfare_Lab:
Inna, Allah ya saka miki da alheri. Maganarki ta fi tawa nauyi, kuma laifin namu ne mu ma'aikata. Ni kaina ban taɓa zama da masu share mana ɗaki na yi musu bayani ba. A tsarin da aka koya mana, kowane ɗaki da bokitinsa da sandarsa, ana ma bambanta su da launi, kuma tebur ba a goge shi da tsumman da za a sake amfani da shi, sai da takarda mai tsotse ruwa a yar da ita nan take.

NasNaTalata:
Tambaya: in sifirit ba ya yi, me ke yi?

Jami'inTsafta_Gummi:
Bilic, wato Jik ko Hypo da ake sayarwa a kowane shago. Sinadarin kulorin da ke ciki yana daddatsa DNA ya lalata shi. Mu da muka yi aikin kwalara mun saba da haɗin. Jik na kasuwa ƙarfinsa 3.5 cikin ɗari ne, ka duba jikin robar za ka gani. In kana son 0.5 cikin ɗari, wanda ake goge wuri da shi, sai ka zuba ma'auni ɗaya na Jik, ma'auni shida na ruwa. Ka bar shi ya jiƙa wurin na 'yan mintuna kafin ka goge. Masu fesawa su share nan take ba su ba shi lokacin yin aikinsa ba.

MalamaAliero:
Haka ne Malam, sai dai in ƙara abu uku da aka fi tuntuɓe a kansu. Haɗin ba ya kwana, kullum da safe ake sabo, domin da zarar an sirka shi ƙarfinsa yana raguwa, zafi da hasken rana kuma suna hanzarta hakan. Ku tuna zafinmu na watan Afrilu. Robar da ta yi wata shida a shago rana na dukanta ma ba lalle ƙarfinta ya kai abin da aka rubuta ba. Sannan bilic yana cin ƙarfe, almakashi da hantsaki za su yi tsatsa in an bar shi a kansu, kuma ragowarsa in ta taɓa samfurin da ake son aunawa za ta lalata shi. Saboda haka bayan bilic sai a bi da ruwa mai tsabta, sannan sifirit don wurin ya bushe. Kun ga sifirit yana da wurinsa, a ƙarshe yake zuwa.

Na ukun shi ne wanda nake roƙon kowa ya riƙe, musamman Inna da abokan aikinta. Ruwan da ke zuwa cikin kwalin kayan tatso DNA sau da yawa yana ɗauke da gishirin guwanidin. In aka zuba masa bilic kai tsaye yana fitar da iska mai guba. In ya zube a tebur, a fara tsane shi, a wanke da sabulu da ruwa, sannan a kawo bilic. Haka kuma kada a haɗa bilic da ruwan wanke masai mai asid.

TsohonSufeto:
Na karanta duka, kuma ina jinjina muku, amma kun fara daga tsakiya. Na yi shekara talatin da biyar a aikin ɗan sanda kafin in yi ritaya. Kafin kaya su isa wani lab an riga an gama da su. Za a kira mu an kashe mutum, mu isa mu tarar da unguwa duka a cikin ɗakin. Wannan ya ɗaga wuƙar ya duba, wancan ya rufe gawar da zanensa, mata sun share jinin don kada yara su gani, dangi suna gaggawar wanka da sutura kafin azahar. Ba na zargin kowa, tausayi ne da addini ke sa su. Mu ma da muka zo, sau nawa muke da safar hannu? Riga mai jini a cusa ta a baƙar leda a jefa bayan mota tare da wanda ake zargi. In ta kwana uku a ɗakin ajiyar kayan shaida sai wari. To ku goge teburinku da ruwan zinariya ma, me za ku samu a jikin wannan rigar?

MalamaAliero:
Baba Sufeto, wannan gaskiya ce tsantsa. Leda tana riƙe danshi, fumfuna da ƙwayoyin cuta su cinye DNA ɗin. Ƙa'ida ita ce a shanya kayan a inuwa, a wuri killatacce, su bushe, sannan kowanne a sa shi a ambulan ɗin takarda nasa shi kaɗai, a liƙe, a sa hannu a kan liƙin. Kuma a canza safar hannu tsakanin kaya da kaya. Safar da ba a canzawa tana kare mai ita ne kawai, amma tana kwasar na wannan ta kai wa wancan.

Akwai abin da ya faru a jihar Kalifoniya ta Amurka a 2012 da ke goyon bayan maganarka. An kashe wani attajiri a gidansa, aka sami DNA ɗin wani mara gida a farcen mamacin. Ya yi kusan wata biyar a tsare yana fuskantar tuhumar kisa. Daga baya takardun asibiti suka nuna a daren yana kwance a gadon asibiti bai san inda kansa yake ba. Ma'aikatan motar asibitin da suka ɗauke shi su ne bayan 'yan sa'o'i aka kira gidan mamacin. Ta jikinsu ko kayan aikinsu DNA ɗin ya bi.

Abu_Hanifa_Tsafe:
Ni abin da ke damuna da DNA ɗin nan daban ne. Yanzu a kudu an mayar da shi abin raba aure, mutum ya kwashi 'ya'yansa a ɓoye ya kai gwaji. Kada a kawo mana wannan fitinar. Ɗa na mai shimfiɗa ne, Shari'a ta gama magana.

Maman_Ikram:
Wallahi nima abin da ya fara zuwa raina ke nan. In tsumma zai iya canza sakamako, mace nawa aka yi wa ƙazafi da takardar lab?

MalamNaZawiyya:
Bismillah. Tunda an taɓo Shari'a bari in faɗi abin da na karanta. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗatul Alamil Islami ta zauna a Makka a 2002 a kan wannan mas'ala. Ta ce babu laifi a dogara da shi wajen binciken laifukan da ba na haddi ko ƙisasi ba. Ta ce ba ya halatta a kore nasabar ɗa da shi, kuma ba a gabatar da shi a kan li'ani, wato rantsuwar da miji da mata ke yi in ya zarge ta da zina ko ya kore ɗa. Ta yarda a yi amfani da shi in jarirai sun cakuɗe a asibiti, ko an rasa gane gawa bayan haɗari ko yaƙi. Saboda haka Malam Abu Hanifa, abin da kake tsoro malamai sun riga sun toshe ƙofarsa.

Abin da zai ba ku sha'awa, a cikin shawarwarin da suka rufe da su har da cewa a kafa tsari mai tsauri na hana maguɗi da hana gurɓacewar samfuri a ɗakunan gwajin. Malaman fiƙihu sun hango abin da ɗan'uwanmu ya buɗe zancen da shi. Kuma mu ɗaliban Iziyya da Risala wannan ba baƙon tunani ba ne a wurinmu. Tufa tana iya yin fes a ido alhali akwai najasa a jikinta, kuma ba kowane ruwa ke tsarkakewa ba.

Bazamfare_Lab:
Allah ya ƙara ilimi Malam. Ina roƙon mu bar batun nasaba zuwa wani zaren, don kada ainihin tambayar ta ɓace. A gina ko a dakata?

Hajiya_Kare_Mata:
A gina. Ku gafarce ni, tun ɗazu nake karantawa raina na ɓaci. Ina aiki da wata ƙungiya da ke raka yaran da aka yi wa fyaɗe zuwa asibiti da kotu. Kun san yadda shari'ar ke ƙarewa? Yarinya 'yar shekara tara ta nuna mutum, ya ce bai san ta ba, babu shaida, a matsa wa iyaye su yi sulhu, ya dawo unguwa yana wuce ta a hanya. Na ga wannan da idona ba sau ɗaya ba. Ku kuna lissafin mutum ɗaya a Amurka da aka tsare bisa kuskure, ni ina lissafin waɗanda ba a taɓa tsarewa ba. Legas ta buɗe nata a 2017 zamanin Gwamna Ambode, ba ta jira sai komai ya gyaru ba. Da babu gara ba daɗi.

Barista_Sabon_Gari:
Hajiya, ina tare da ke a kan zafin abin, na tsaya wa irin waɗannan yaran a kotu. Amma ki duba ta wannan fuskar. Ranar da aka kama lab ɗin da kuskure ɗaya, duk lauyan da ke kare mai fyaɗe zai ɗaga wannan kuskuren a kowace shari'a, har waɗanda sakamakonsu daidai ne su rushe. Tsabtar ɗakin kariya ce ga yarinyar kafin kowa.

Misali biyu da nake koya wa ƙananan lauyoyi. A Ingila a 2011 an tuhumi wani matashi da fyaɗe a Manchesta, garin da ya ce bai taɓa takawa ba. Ya yi wata biyar a tsare. Ashe an taɓa ɗaukar yawunsa a wata ƙaramar rigima can kudancin ƙasar, sai ma'aikacin lab ya sake amfani da farantin roba da ya kamata a yar, aka sa samfurin matar a ciki. Na biyu a Melbon ta Ostireliya, wani matashi ɗan asalin Somaliya aka yanke masa shekara shida a 2008 kan tuhumar yi wa wata mata fyaɗe, bisa shaidar DNA kaɗai. Ya yi fiye da shekara a kurkuku kafin a gano cewa likita ɗaya ce ta ɗauki samfurin matar a ɗakin da ta duba wata daban kwana ɗaya kafin nan, wadda ke ɗauke da DNA ɗinsa. A ƙarshen 2009 aka sake shi. Ku lura, wannan a ɗakin duba marasa lafiya ya faru, tun kafin a kai lab.

Dokar Shaida ta 2011, sashe na 68, ta ba kotu damar sauraron ra'ayin ƙwararre, amma ba ta ce alƙali ya haɗiye shi ba tauna ba. Ni in aka kawo mini sakamako zan tambaya: wa ya ɗauka, wa ya karɓa, ina ya kwana, ina rajistar goge ɗakin ta ranar, kuma me kwalbar da ba a sa komai a ciki ba ta nuna?

NasNaTalata:
Barista mene ne amfanin auna kwalbar da babu komai?

Bazamfare_Lab:
Ita ce mai tsaron ƙofa. Duk lokacin da za a yi gwaji ana haɗawa da kwalba mai sinadaran aikin kaɗai, ba samfurin kowa, ta bi duk matakan da sauran suka bi. Dole ta fito wayam. In aka ga DNA a cikinta an san wani abu ya shiga, aikin ranar ba abin dogaro ba ne. Ban da wannan, lokaci-lokaci ana shafar tebur da marfin firiji da hannun ƙofa da tsinken auduga a auna, don a gane ko goge-gogen na aiki.

Hajiya_Kare_Mata:
To ai kun ga akwai hanyar kamawa ke nan. Ba cewa na yi a yi aikin banza ba. Cewa na yi kada "sai mun shirya" ta zama shekara ashirin.

'YarAnka:
Ni ba ma'aikaciyar lab ba ce, malamar firamare ce, amma zancen abin da ido ba ya gani yana kashewa ba a ba mu labarinsa ba, a gidajenmu ya faru. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, daga baya aka gano Bagega ma. Dutsen zinariya ake daka wa a tsakar gida, ƙurar ta bi ƙasa, yara na rarrafe suna sa hannu a baki. Matan suna shara safe da yamma, gidajen tsaf, amma tsintsiya tayar da ƙurar kawai take yi. Sai da aka kankare saman ƙasar gidajen aka zuba sabuwa, likitocin ƙungiyar agaji ta MSF kuma suka ce ba amfanin ba yaro magani ya koma gidan da ba a gyara ba. Abin da na gani a lokacin, mutanen ƙauye da ba su yi boko ba sun koyi ƙa'idar sun riƙe ta, da aka zauna aka yi musu bayani da Hausa. Saboda haka masu cewa ba za mu iya ba, ban yarda ba. Maganar Inna ita ce hanya.

Injiniya_BK:
Daga Birnin Kebbi nake. Wani ɓangaren tsabtar tun a zanen gini ake yin sa. Ɗakin da ake buɗe kayan shaida daban, na tatso DNA daban, na bayan PCR daban, kuma tafiyar hanya ɗaya ce. Abin da ya shiga ɗakin ƙarshe ba ya dawowa baya, ko riga ce ko biro ko littafi, domin a can ne kwafi biliyoyin nan da Malama ta faɗa suke. Iskar ɗakin farko ana sa ta tana turowa waje, ta ɗakin ƙarshe tana jan ciki. Samfurin wanda ake zargi kuma ba ya haɗuwa da kayan wurin laifi a tebur ɗaya ko lokaci ɗaya.

Yanzu ku kawo wannan ƙasarmu. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu tana shiga ko ta ramin makulli. In wuta ta ɗauke, na'urar tace iska ta tsaya, zafi ya taso, abu na farko da ma'aikaci zai yi shi ne buɗe taga ko kunna fanka mai caji. Shi ke nan an gama. Duk wanda zai kawo kasafin ginin nan bai sa sola da batura da kuɗin canza matatar iska na kowace shekara ba, bai gama lissafi ba. Na ga gine-gine da yawa da aka ƙaddamar da biki, bayan shekara biyu babu kuɗin sayen ko safar hannu.

Ɗan_Ƙaura:
To fitilar nan mai shuɗin haske da ake kunnawa a lab fa? Da tukunyar turara kayan aiki? Na ɗauka su ke gama komai.

MalamaAliero:
Fitilar UV tana lalata DNA, amma inda haskenta ya sauka kawai. Ƙarƙashin kwalba, cikin lungu, bayan inji, duk ba ta kai ba, kuma busasshen tabo ya fi jure mata. Ƙwanta ma yana rauni da tsufa ko da yana ci gaba da haske. Taimako take yi bayan an goge. Tukunyar turarawa kuwa an yi ta ne don kashe ƙwayoyin cuta, guntayen DNA suna iya tsira daga gare ta. Shi ya sa masana'antu ke bi da kayan binciken laifi ta iskar etilin oksaid, kuma shi ya sa abin da aka ce a yi amfani da shi sau ɗaya ake yar da shi. Na san halinmu na tattali, ganin roba mai kyau za a jefar yana mana ciwo. Farantin da Barista ya ba da labari ma mai kyau ne a ido.

Akwai kuma abin da ba mu taɓo ba. Irin waɗannan ɗakunan suna ajiye bayanin DNA na duk mai shiga, daga shugaba har mai shara da mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki da 'yan sandan da ke kawo kaya. In baƙon DNA ya fito sai a fara dubawa ko na ɗan gida ne.

TsohonSufeto:
Nan kam za a sha daga. Yarana na da ba za su yarda a ɗebi yawunsu a ajiye ba, za su ce tarko ne. Kuma ban ga laifinsu ba sai an rubuta a doka wa ke riƙe da bayanin da abin da aka hana shi yi da shi.

Inna_Mai_Tsintsiya:
Ni na yarda a ɗebi nawa in dai don a wanke ni ne. Tsorona guda, in abu ya ɓaci kada a ce mai shara ce, a kore ni a rufe zancen. Kullum igiya ta wurin da tas sirance take tsinkewa.

Barista_Sabon_Gari:
Inna, tsoronki yana kan hanya. Wurin da ake korar duk wanda aka sami DNA ɗinsa, ma'aikata za su koyi ɓoyewa, kuma ɓoyayyen kuskure shi ke kai mutum kurkuku. Dole a rubuta cewa wanda ya kai rahoton kuskurensa ba za a hukunta shi ba.

@Hajiya_Kare_Mata akwai matsakaiciyar hanya. Ko ba a gina ba tukuna, a horar da nas-nas da likitocin da ke fara duba yaran, a ba su kayan ɗaukar samfuri na gaske da ɗaki ɗaya da ake gogewa bayan kowace yarinya, a riƙa aikawa inda ake da injin. Bayan haɗarin jirgin Dana a Legas a 2012, Ingila aka kai samfuran gane gawarwakin. Samfurin da aka ɗauka da kyau aka busar yana jure tafiya.

Hajiya_Kare_Mata:
Wa zai biya kuɗin aikawar, Barista? Uban da ya sayar da akuya ya kawo 'yarsa Gusau? Kuma cibiyar Legas ɗin ma an lalata ta a rikicin Oktoban 2020. Ni dai ban sauka daga kan a gina namu ba. Amma na karɓi maganar ɗakin duba yaran, gobe zan je in ga da me ake goge gadon da ake kwantar da su, don ban taɓa tambaya ba.

Bazamfare_Lab:
Na gode muku duka. Har yanzu ina tsakanin Hajiya da Injiniya, ban iya zaɓa ba. Abin da ke hannuna dai na fara. Yau da safe na zauna da mata biyun da ke share mana ɗaki, mun auna ɗaya da shida tare, mun rubuta kwanan wata a jikin robar, na kuma rubuta takardar neman ƙarin bokiti biyu da sanduna biyu. Ko za a sa hannu, Allah masani.

Jami'inTsafta_Gummi:
Ka sa haɗin a roba mai duhu mai marfi, kada ka bar shi a buɗaɗɗen bokiti kusa da taga. Kuma wane ruwa kuka sirka da shi, na burtsatse ko na leda? In ruwan yana da laka yana cinye kulorin ɗin tun kafin ya taɓa tebur.

Maman_Ikram:
Malama, tambayata ta ɗazu ba a amsa ba. In mutum yana shakkar sakamakon da aka ba shi, ana iya sake gwajin a wani wuri da ragowar samfurin, ko na farkon ke cinye shi duka?